Yadda Ake Ci da Sha Bayan Aikin Rage Tumbi



A zagayen da na yi na azuzuwan yaƙi da jahilci a ƙasar Ngelbeli, cikin gundumar Maine Sorowa, wani dattijo ya tare ni bayan an tashi daga karatu. Ya ce: "Malam, kai da kake yawon gari, faɗa mini gaskiya. Ashe ana yanka cikin mutum a rage shi, kuma ya rayu?" Na ce: "Baba, ina ka ji wannan?" Sai ya ba ni labari.

Akwai wani Alhaji, mutumin Difa, mai fataucin tattasai da shanu. Shekara da shekaru yana sayen dabbobin dattijon nan. Kowa ya san shi da ƙiba, har idan ya zauna a tabarma sai an kama shi kafin ya tashi. Ya ɓace wata biyar. Da ya dawo kasuwa, riga ta yi masa yawa. Dattijo ya sa aka dama masa fura da nono cikin ƙwarya, kamar yadda aka saba. Alhaji ya kurɓa sau uku, ya ajiye ludayi. Kun san abin da wannan ke nufi a wurin makiyayi. Dattijo ya ji zafi a ransa. Mutanen kasuwa kuma suka shiga raɗa. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce mugun ciwo ne yake ɓoyewa.

Da na koma Difa na nemi Alhajin. Ya yarda in rubuta abin da ya faɗa mini, amma ban da sunansa. Ba sammu ba ne. Ƙasar Masar ya je, likitoci suka rage masa tumbi saboda ƙiba da ciwon sukari sun kusa kayar da shi.

Mene ne wannan aiki?

Wanda ya taɓa fiɗar rago ya san tumbi. Na rago da na saniya ɗaki huɗu ne. Na ɗan Adam ɗaki ɗaya ne, kuma yakan ɗauki lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi na abinci. Aikin rage tumbi iri biyu ne suka fi yawa. A na farko, likita yana cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin, abin da ya rage ya zama siriri kamar ayaba. A na biyu, yana ware ɗan aljihu kamar girman ƙwan kaza daga saman tumbin, ya haɗa shi da hanji kai tsaye, abinci ya riƙa tsallake sauran tumbin. Wani likitan Amurka mai suna Edward Mason ne ya soma wannan na biyu a shekarar 1966. Yanzu galibi ba a tsaga ciki da faɗi. Ana huda ƙananan kafofi ne, a zura ƙarfe mai kyamara a yi aikin. Masu hali daga ƙasashenmu sukan je Masar, Tunisiya, Turkiyya ko Indiya.

Ba kowane mai tumbi ake yi wa ba. Likitoci suna da lissafi, kuma ɗan aji na biyu zai iya yin sa. A auna nauyin mutum da kilo. A auna tsayinsa da mita. A ninka tsayin da kansa, sannan a raba nauyin da abin da aka samu. Misali, mutum mai tsayin mita 1,70 da nauyin kilo 120. Idan an ninka 1,70 sau 1,70 za a samu 2,89. Idan an raba 120 da 2,89 za a samu 41 da ɗoriya. Daga 18,5 zuwa 25 shi ne daidai. Daga 30 zuwa sama, ƙiba ta zama ciwo. Shekaru da yawa ana yin aikin ne ga wanda ya kai 40, ko wanda ya kai 35 kuma yana da ciwon sukari ko hawan jini. A shekarar 2022 ƙungiyoyin likitocin wannan fanni sun sauko da ma'aunin zuwa 35, da kuma 30 ga mai ciwon sukarin da ya gagari magani.

Wani zai ce, mu da muke fama da rani da ƙarancin abinci, ina ruwanmu da ƙiba? Da ruwanmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022, mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙibar da ta zama ciwo. A garuruwanmu ma, a gida ɗaya za ka ga yaro mai tamowa da uwargida mai hawan jini. Kuma har yanzu muna yi wa ƙiba kirari, muna cewa alamar hutu ce. Wasu ƴan mata suna sayen ƙwayoyi a kasuwa, irin su deksametazon, don su yi jiki kafin biki. Wannan ƙwaya tana kumbura fuska, tana jawo ciwon sukari da hawan jini, tana raunana ƙashi. Maganar tana buƙatar shafinta daban.

Makonnin farko

Alhaji ya ce: "Malam, aikin bai kai awa biyu ba. Wahalar tana gida." Tumbin da aka ɗinke rauni ne sabo. Idan aka cusa masa tuwo, ɗinkin zai iya buɗewa, abin ciki ya zuba a inda bai kamata ba. Wannan yana kisa. Shi ya sa ake bi mataki mataki. Kwanakin sukan bambanta daga likita zuwa likita, kuma takardar da likitanka ya ba ka ita ce gaba da abin da na rubuta nan.

Kusan mako biyu na farko, ruwa-ruwa kawai. Romon kaza ko na kifi wanda aka tace, aka kwashe man da ke sama. Madara dafaffiya. Kindirmo da aka tsinka da ruwa mai tsabta. Koko mai ruwa-ruwa wanda aka tace sosai, ba sukari. Ana sha ne da cokali, ba da ludayi ba.

Mako biyu na gaba, abinci mai laushi kamar na jaririn da ake shirin yayewa. Ƙwai da aka dafa aka murje. Kifi dafaffe da aka cire wa ƙaya aka dama da romonsa. Wake da aka surfe, aka dafa har ya narke. Kabewa. Miyar kuka ko ta kuɓewa marar yaji. Cokali biyu zuwa huɗu sun isa zama ɗaya.

Bayan haka sai abinci mai taushi wanda cokali ke iya yankawa, kamar alale, awara dafaffiya da naman kaza da ya dahu lugub. Sai an kai mako shida zuwa takwas kafin a koma abincin gida, shi ma kaɗan kaɗan. Akwai abincin da ke daɗewa bai zauna ba: shinkafa, taliya, burodi sabo, tuwo mai tauri, tsire da kilishi. Suna dunƙulewa su tokare ƙirji. Alhaji ya gwada kilishi a wata na biyu. Ya ce ya yi awa uku yana amai, kuma tun daga ranar bai ƙara yi wa takardar likita gardama ba.

Mutanen bakin Komadugu za su tambaya, ina tattasai? Tattasai ba laifi idan an koma cin miya, domin ba shi da zafi sosai. Barkono da yajin tsire su ne ake jinkirtawa, sai ciki ya warke.

Ruwa, shayi da sukari

Nan ne ƙasarmu ta bambanta da ƙasashen da aka rubuta littattafan likita. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a jihar Difa. Mai cikakken tumbi yakan ɗaga buta ya shanye rabi. Wanda aka rage wa tumbi ba shi da wannan dama. Duk da haka jikinsa yana bukatar lita ɗaya da rabi zuwa biyu kowace rana, wato ledar ruwa uku zuwa huɗu, irin mai rabin lita. Dole ya riƙa kurɓa tun asuba har dare. Gora ba ta rabuwa da hannunsa, ko a kasuwa ko a mota. Ga alama mai sauƙi: idan fitsari ya yi ja kuma ya ragu, ruwa bai isa ba. Rashin ruwa yana cikin manyan dalilan da ke mayar da masu wannan aiki asibiti a watan farko.

Kuma ba a haɗa ci da sha. A bar ruwa kamar rabin awa kafin cin abinci, a jira rabin awa bayansa. Wuri ɗaya ne ƙarami. Idan ruwa ya cika shi, abinci ba shi da masauki.

Sai shayi. Mun san yadda ake dafa shi a rugage da bakin shaguna, ruwa uku, kowanne da sukari mai yawa. Ga wanda aka yi wa aiki, musamman iri na biyu, sukari yana faɗawa hanji gaba ɗaya. Bayan minti goma zuwa talatin sai gumi ya keto, zuciya ta riƙa bugawa, jiri ya kama shi, wani lokaci da zawo. Wanda bai sani ba zai ce iska ce ta buge shi. Haka ma lemon kwalba, wanda ban da sukari yana da iskar da ke kumbura ƙaramin tumbi. Dabinon kwarin Gudumariya da na Maine Sorowa abin marmari ne, amma ɗaya ya isa, kuma ba a watannin farko ba. Mai son shayi ya sha marar sukari, ya kuma nesanta shi da lokacin cin abinci, domin shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini.

Abin da za a fara sa wa a baki

Idan buhu ƙarami ne, kaya mai daraja ake fara zubawa. Mu kuwa mun saba cika ciki da tuwo, nama ya zo daga baya. Mai ƙaramin tumbi sai ya juya wannan tsari. Ya fara da abinci mai gina jiki, wato kifi, ƙwai, nono, wake, nama mai laushi. Sannan ganye, kamar zogale da aka dafa ya yi laushi. Idan da sauran wuri, loma ɗaya ko biyu ta tuwo ko burabusko. Likitoci suna so ya samu giram 60 zuwa 80 na furotin a rana. Ƙwai ɗaya yana da giram 6. Kifi ɗanye mai nauyin giram 100 yana da kusan 20. Rabin litar madara tana da kusan 16. Ku lissafa ku gani, sai da niyya ake cika wannan adadi.

A nan Allah ya rufa mana asiri. Makiyayin Ngelbeli yana da nono da cuku. Mutumin bakin Komadugu da tafkin Cadi yana da kifi, ɗanye da banda. Wake yana kowace kasuwa. Abu biyu kawai zan ja kunne a kai. Madara sai an tafasa ta, domin ɗanya tana iya ɗauke da tarin fuka da zazzaɓin da ake ɗauka daga dabbobi. Banda kuma a wanke ta da ruwan zafi, a dafa ta sosai, a tsince ƙaya. Wanda madara ke kumbura wa ciki bayan aiki ya gwada kindirmo, ya fi sauƙin narkewa.

Yadda ake ci ma ya canja. Loma ƙarama, a tauna har ta zama kamar kunu. Zama ɗaya ya ɗauki minti ashirin zuwa talatin. Da an ji nauyi a ƙirji, a tsaya, ko da saura loma ɗaya. Wannan ba ya yiwuwa a akushin taron jama'a, inda hannu ke tsere da hannu. Alhaji yana zama tare da iyalinsa da baƙinsa, amma da ɗan kwanonsa daban. Ya ce abin da ya fi ba shi wuya ba yunwa ba ce, domin yunwar ma ta ragu. Ƴan'uwa ne. Mahaifiyarsa takan zauna kusa da shi tana cewa: "Ɗan nan, ƙara ko loma ɗaya, ka ga yadda ka lalace." Ƙauna ce ta sa ta. Amma lomar nan ta ƙauna ita ce ke sa shi amai. Sai da ƙanwarsa, wadda ta yi karatun yaƙi da jahilci da Hausa, ta sa aka fassara mata takardar likita, ta rubuta a littafinta, ta riƙa karanta wa tsohuwa. Daga nan aka samu zaman lafiya a gidan.

Magani har ƙarshen rai

Wanda ke tunanin yin wannan aiki ya san da wannan tun kafin ya sayi tikitin jirgi. Ƙaramin tumbi ba ya iya samar wa jiki dukan bitamin da yake bukata. Za a riƙa shan ƙwayoyin bitamin kullum, da na ƙarin jini, da na ƙarfin ƙashi. Bitamin B12 kuma sau da yawa allura ake yi, duk wata uku. Ana awon jini a kai a kai a shekarar farko, daga baya sau ɗaya a shekara. Wanda ya daina zai iya samun ƙarancin jini, sanyin ƙafafu da mantuwa, kuma wata ɓarnar jijiya ba ta gyaruwa. Daga Difa zuwa Yamai ya fi kilomita 1.300. Likitan da ya yi aikin yana wata ƙasa. Saboda haka tilas mutum ya dawo da takardunsa cikakku, ya kai su wurin likita na kusa, a san da shi tun yana lafiya.

Magungunan ciwon jiki da ake saya a tebur, irin su ibuprofen, diklofenak da asfirin, suna iya huda ƙaramin tumbi da gyambo. Haka ma taba. Mai ciwon sukari da mai hawan jini su koma likita da wuri, domin sau da yawa adadin maganin da suke sha a da yana yi musu yawa bayan aiki. Mace ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18. Gashi yakan zube tsakanin wata na uku da na shida, sannan ya dawo. Batun azumi kuma, likitoci sukan hana shi a watannin farko saboda ƙishirwa, kuma addini ya yi wa marar lafiya rangwame. A tambayi likita, a tambayi malam.

Galibi mutum yakan rage kwata ko sulusin nauyinsa cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Mai kilo 120 zai iya sauka zuwa 85 ko 90. Amma ƙiba tana iya dawowa ga wanda ya koma shan zaƙi da ciye-ciye duk yini.

Akwai alamun da ba a kwana da su a gida. Zazzaɓi. Ciwon ciki mai tsanani, ko ciwo a kafaɗar hagu. Zuciya mai bugawa fiye da sau 120 a minti ɗaya, wanda za a iya ƙirgawa a wuyan hannu da agogon waya. Numfashi sama-sama. Kumburin ƙafa ɗaya. Amai da jini ko baƙin bayan gida. Amai da ya ƙi tsayawa kwana biyu. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikinsu, a nemi mota a nufi asibitin gunduma ko babban asibitin jiha da ke Difa, da takardun aikin a hannu. Kada a tsaya jiƙa saiwa.

Kada a rikita shi da sauran ayyukan ciki

Yawancinmu ba za a taɓa rage mana tumbi ba. Amma kusan kowace zuriya tana da wanda aka yi wa aikin ƙaba, ko aikin hanji bayan zazzaɓin taifot, ko matar da aka ciro wa jariri ta hanyar fiɗa. Waɗannan tumbinsu yana nan cikakke. Ba a tsare su makonni a kan ruwa-ruwa. Da zarar likita ya ba da izini, sau da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, sai su fara ci. Na sha jin ana hana su ƙwai, kifi da nono, wai suna sa rauni ya yi mugunya. Ba haka ba ne. Ƙazanta ce ke kawo mugunya. Ƙwai da kifi da nono su ne kayan da jiki ke ɗinke rauni da su. Mai jego kuma a rage mata kunun kanwa. Kanwa arzikin ƙasar Manga ce, amma ƴar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki tana wahalar da zuciya. Likitocin Zariya sun nuna haka tun shekarun 1970.

Abin da ya haɗa su duka shi ne motsi. A tashi a taka tun ranar farko ko ta biyu, a ƙara tafiya kowace rana, domin kwanciya tana sa jini ya daskare a ƙafa. Amma jan guga a rijiya, ɗaukar buhun tattasai, daka da hawan raƙumi sai bayan mako huɗu zuwa shida, ko yadda likita ya ce.

Da na sake komawa Ngelbeli na zauna da dattijon nan a gindin bishiyar da ake karatu, na warware masa duka. Ya yi shiru, sannan ya ce: "To Malam, idan ya zo kasuwa mai zuwa, me zan ba shi?" Na ce: "Baba, kindirmon madarar da aka tafasa, a ɗan ƙaramin kofi, ba sukari. Idan ya rage, kada ka ce masa ya ƙara." Ya ciro littafinsa daga aljihu, ya ce in faɗa a hankali zai rubuta da kansa.